Yadda Ake Gudanar da Aikin Laburaren Jama'a ta Kafofin Sada Zumunta a Kaduna

Wannan bayani na ma'aikacin laburare ne da aka ɗora wa alhakin fitar da wurin aikinsa a intanet, ko a babban laburaren jiha da ke titin Bida yake, ko a wani reshe na ƙaramar hukuma, ko kuma a ɗan ɗakin karatun da ƙungiyar unguwa ta haɗa a Tudun Wada ko Kawo. Buɗe shafi ba ya cin rabin sa'a, kuma duk yaron da ke da waya zai iya yi maka shi. Inda aikin yake shi ne riƙe shafin wata da watanni, ta yadda duk wanda ya aiko tambaya zai sami amsa, kuma idan aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki shafin ba zai bi shi ba. Saboda haka ƙa'idar da za a ga ina yawan komawa kanta ita ce, kada ka buɗe kafar da ba ka da wanda zai riƙa amsa saƙo a cikinta.

Kayan da za ka tanada

Da farko ana bukatar wayar Android guda ɗaya mai kyamarar da ke fitar da rubutu sarai, wadda za ta zama ta laburare, ta riƙa kwana a aljihun tebur mai makulli. Ba sai mai tsada ba, amma kada wurin ajiyarta ya gaza gigabait 32, domin hotunan bangon littattafai da saƙonnin murya suna saurin cika waya. Sai sabon layi da adireshin imel na Gmail da aka buɗe da sunan laburaren, wanda ke zuwa da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Sai fawa banki, da kuɗin data na wata da aka amince da shi tun kafin a fara, da farin kwali babba na ɗaukar hoto, da littafin rajista mai kauri wanda za a keɓe wa wannan aiki shi kaɗai. Kwamfuta tana sauƙaƙa shigar da sunayen littattafai, amma rashinta ba ya hana komai daga cikin abin da zan bayyana.

A cikin wayar ka sauke WhatsApp Business, da Facebook, da Meta Business Suite na tsara wallafa a shafin Facebook, da Google Sheets na yin jadawali, da Google Forms na yin fom ɗin rajista ta burauza. Ka kuma ƙara harshen Hausa a allon rubutu na Gboard, domin ka sami ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Laburaren da ke rubuta Hausa ba tare da waɗannan haruffa ba yana zubar da mutuncinsa a idon malaman makaranta, kuma su ne waɗanda za su fi turo maka ɗalibai.

1. Ka nemi izini a rubuce, a kuma raba aiki

Ka rubuta wa shugaban laburare ko daraktan da ke sama da kai takarda mai shafi ɗaya, ka faɗi kafofin da kake son buɗewa, da abin da za a riƙa wallafawa, da sunayen ma'aikata biyu da za su kula da su, da kuɗin data. Izinin baki ba ya wadatarwa, domin duk abin da ya fita a shafin hukuma maganar hukuma ce, kuma ranar da aka sami saɓani takardar nan ce za ta tsaya maka. Mutum biyu ne mafi ƙaranci. Idan akwai mace a cikinsu ya fi kyau, saboda matan aure da 'yan mata da yawa sun fi sakin jiki su yi tambaya idan sun san Malama ce ke amsawa.

2. Ka tsare mallakar asusun tun ranar farko

A nan ne yawancin shafukan laburare ke mutuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Abin da aka saba gani shi ne a ba wani matashi mai hidimar ƙasa ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ya buɗe shafi da lambarsa da imel ɗinsa, ya yi aiki mai kyau na tsawon shekara, sannan ya gama ya koma garinsu da komai a aljihunsa. Sai a wayi gari ga shafi da sunan laburare da mabiya masu yawa, amma babu mai iya shiga ya gyara ko da lokacin buɗewa.

Maganin wannan shi ne a buɗe komai da layin laburare da imel ɗin laburare. Rajistar layi a Najeriya sai da lambar NIN, saboda haka a zaɓi ma'aikaci na dindindin a yi da tasa, a kuma rubuta takarda a sa a fayil cewa layin mallakar laburare ne, shi da shugaba su sa hannu. A riƙa sa wa layin kati ana kira da shi lokaci-lokaci, domin kamfanonin waya sukan karɓe lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba su sayar wa wani, kuma wanda ya saye ta zai iya buɗe WhatsApp da lambar da jama'a suka sani a matsayin taku.

Kowane asusu a ba shi kalmar sirri tasa daban mai tsawo, wadda ba sunan laburare ko shekarar kafa shi ba. A rubuta su a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, a ajiye a wurin shugaba. Bayan haka a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da Facebook da WhatsApp. A WhatsApp za a nemi ka zaɓi lambobi shida na sirri, ka kuma saka imel na dawo da asusu, to ka saka na laburare.

Ga gargaɗin da ya kamata duk mai taɓa wayar ya haddace. Wani zai kira da murya mai ladabi, ya yi sallama, ya ce daga wata ƙungiya ko wata ma'aikata yake, za a yi taro ta intanet da yamma, an turo muku lamba shida ta saƙon tes, a karanto masa domin ya saka ku a jerin mahalarta. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinku. Da zarar an karanta masa ya ƙwace asusun, ya shiga aika wa masu karatunku saƙon neman kuɗi da sunanku. Babu wani taro ko tallafi da ke bukatar wannan lamba.

3. Ka tambayi masu karatu kafin ka zaɓi kafa

Ka ɗauki mako biyu kana tambayar duk wanda ya sa hannu a rajistar shiga wace manhaja ya fi buɗewa, da harshen da ya fi son a yi masa magana da shi, da abin da yake son a riƙa sanar da shi. A Kaduna amsar da za ka fi ji ita ce WhatsApp, sai Facebook, sannan matasa su ambaci TikTok da Instagram. Shawarata ita ce ka tsaya a kan biyun farko har tsawon wata shida. TikTok yana jan matasa ƙwarai, sai dai bidiyo yana cin data da lokaci, kuma shafin da aka ɗora wa bidiyo uku aka watsar ya fi rashin shafin muni.

Batun harshe kuwa, garin Kaduna ba na masu harshe ɗaya ba ne. Mai karatu daga Rigasa ko Unguwar Sanusi zai fi son Hausa, na Barnawa ko Sabon Tasha wataƙila Turanci, kuma laburaren na dukansu ne. Duk sanarwa mai muhimmanci a rubuta ta da harsunan biyu a wallafa guda, mutum ya rubuta kowanne da kansa. Fassarar na'ura tana iya taimakawa wajen daftari, amma kada a sake ta ba tare da wanda ya iya harshen ya gyara ba.

4. Ka tsara WhatsApp Business

Wannan ita ce kafar da za ta fi yi maka aiki. Bayan ka yi rajista da layin laburare, ka cike bayanan wuri gaba ɗaya: cikakken suna, hoton ƙofar ginin da allon sunansa, adireshi tare da kwatance irin wanda mai Keke Napep zai gane, da ranaku da lokutan buɗewa. Daga nan ka shiga sashen kayan aikin kasuwanci ka saita abubuwa uku.

Na farko shi ne saƙon maraba, wanda ke tafiya da kansa ga wanda ya fara yi muku magana. Ya zama gajere, ya faɗi abin da ake iya tambaya da lokacin da za a sa ran amsa. Na biyu shi ne saƙon da ke fita bayan an tashi aiki, wanda ke shaida wa mutum cewa an ga saƙonsa kuma za a amsa da safe. Wannan yana da muhimmanci, domin ɗalibai sun fi aiko tambaya da dare, kuma ba a son ma'aikaci ya mayar da gidansa ofis. Na uku su ne amsoshin da aka tanada, wato ka rubuta amsar tambayoyin da ake yawan yi sau ɗaya ka ajiye, kamar yadda ake yin katin zama mamba, da adadin littattafan da ake ba da aro, da kwanakin aro, da tarar jinkiri idan akwai. Idan tambayar ta zo, sai ka danna alamar karkatacciyar sanda a wurin rubutu ka zaɓi amsar.

Akwai kuma laƙabi masu launi da ake maƙala wa hira. Ka ƙirƙiri huɗu kawai: sabuwar tambaya, ana nema, an ajiye littafi, an gama. Da su ne abokin aikinka zai san inda ka tsaya idan ya karɓi waya, ko idan ya shiga ta kwamfutar da aka haɗa da asusun, domin WhatsApp yana yarda a haɗa na'urori har huɗu da waya guda.

Wajen isar da sanarwa ga jama'a da yawa akwai hanyoyi uku, kuma kowace da halinta. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarku a wayarsa, abin da mutane da yawa ba su sani ba har su yi ta mamakin shirun da suke ji. Saboda haka a teburin rajista ka riƙa cewa, "Malam, don Allah ajiye wannan lambar yanzu a gabana." Sitatus yana ɓacewa bayan sa'a 24, ya dace da abin yau kaɗai, kamar a ce an sami wuta a ɗakin kwamfuta ko za a rufe da wuri. Tashar WhatsApp kuwa, wadda aka fito da ita a 2023, ita ta fi dacewa da sanarwar dindindin, domin mabiya ba sa ganin lambobin juna kuma ba mai iya cika ta da surutu.

5. Shafin Facebook da taswirar Google

A Facebook ka tabbata shafin hukuma ka buɗe, ba asusun mutum ba. Asusun mutum yana tsayawa a abokai 5,000, ba ya nuna alƙaluman masu gani, kuma ana iya rufe shi idan aka gano ba sunan mutum ne a kai ba. Ka ba ma'aikata biyu cikakken iko, sauran masu taimako a ba su ikon wallafawa kawai. Ka saka maɓallin da ke kai mutum kai-tsaye zuwa WhatsApp ɗin laburare, domin tambayoyi su taru a wuri ɗaya.

Sai ka nemi sunan laburarenku a Google Maps. Sau da yawa za ka tarar wani ya riga ya saka shi da kuskuren wuri ko tsohon lokacin aiki. Ka nemi mallakar bayanin ta Google Business Profile, za su bukaci tabbaci, wani lokaci ta lambar da za su turo, wani lokaci ta ɗan bidiyon da ke nuna allon suna da cikin ginin. Aikin yini ɗaya ne, amma baƙon da ya sauka a Kawo ko Mando yana neman wurin karatu ta nan zai fara ganinku.

6. Ka fitar da kundin littattafai inda za a gan shi

Tambayar da ta fi kowace yawa ita ce, "Kuna da littafi kaza?" Laburaren da ke da kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya iya sarrafa ta zai iya kafa Koha, manhajar kula da laburare ta kyauta da aka faro a ƙasar Niyu Zilan, wadda ke ba mai karatu damar binciken kundi daga gida. Idan babu wannan hali, Google Sheets ya isa a fara. Ka buɗe jadawali mai ginshiƙai bakwai: lambar shigar littafi, sunansa, marubuci, shekarar bugu, lambar aji, kanta, da harshe. Lambar ajin ita ce wadda ke manne a ƙashin bayan littafin, misali 297 ga addinin Musulunci ko 966.9 ga tarihin Najeriya idan tsarin Dewey na jera littattafai bisa fanni kuke bi, kamar yawancin laburaren jama'a.

Kada ka ce sai ka shigar da dukan littattafai kafin ka saki jadawalin, domin ba za ka taɓa gamawa ba. Ka fara da kantocin da aka fi taɓawa, wato littattafan shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da na jinya, da na lissafin kuɗi, da adabin Hausa, da na yara. Ka shigar daga kan kanta, littafi a hannu, ba daga tsohuwar rajista ba, saboda rajistar tana ɗauke da littattafan da suka ɓace tun shekaru. Wajen rabawa ka zaɓi izinin kallo kawai. Idan ka bar izinin gyara a buɗe, wani zai share maka aikin wata guda da yatsa ɗaya ba da niyya ba. Kuma ko kusa kada sunan wanda ya ari littafi ya shiga wannan jadawali.

7. Abin da ake wallafawa da yadda ake shirya shi

Wallafa uku a mako da ba sa yankewa sun fi goma a mako guda sannan shiru. Ka zauna ranar Litinin ka shirya na makon duka, ka jera su a Meta Business Suite su riƙa fita da kansu a lokacin da ka zaɓa. A ganina bayan sallar isha'i da kuma sassafe ne aka fi dubawa, amma bayan wata biyu alƙaluman shafinka za su nuna maka lokacin mutanenka.

Hoton littafi shi ne jarin shafin laburare, don haka a koyi ɗaukarsa. Ka shimfiɗa farin kwalin a kan tebur kusa da taga da hantsi, ka goge ƙurar bangon, musamman a lokacin hunturu, ka kashe fitilar kyamara domin tana sa bango mai sheƙi ya yi walƙiya, ka tsaya ta yadda inuwarka ba za ta faɗa kan littafin ba, sannan ka riƙe wayar a miƙe daidai saman littafin ka taɓa sunansa a fuskar waya har rubutun ya fito. A ƙarƙashin hoton ka rubuta abu kamar haka: "Wanda ke son sanin yadda layin dogo ya iso Kaduna ya kuma sauya kasuwancin Arewa, muna da littafi a kan haka da Turanci, a kanta ta uku, lamba 385. Ana ba da aronsa. A aiko saƙo a ajiye wa mutum." Jimlar ƙarshen ce mafi muhimmanci, domin ita ke mayar da mai kallo mai zuwa.

Ban da littattafai, a riƙa sanar da lokacin karatun yara, da ajin koyon kwamfuta, da sauyin lokacin aiki a watan azumi, da hutun Sallah da na Kirsimeti. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, da ranar yaƙi da jahilci, 8 ga Satumba, dama ce ta gayyatar makarantun unguwa. Idan ka yi fosta a Canva, wato manhajar zayyana fosta, ka sake rubuta abin da ke cikinta a matsayin rubutu a ƙasa, saboda makafin da ke amfani da manhajar karanta allo ba ta karanta musu abin da ke cikin hoto yadda ya kamata, haka kuma mai ƙarancin data sau da yawa ba ya buɗe hoto. Ga iyayen da ba su yi boko ba, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi kowace fosta isar da sanarwar karatun yara.

Wani abin da ya cancanci wallafawa shi ne hanyoyin karatu na kyauta waɗanda doka ta yarda a raba. African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa masu hotuna. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana sakin littattafan darussanta a shafinta. AJOL da DOAJ, shafukan da ke tara mujallun binciken ilimi, suna taimakon ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha masu rubuta kundin kammala karatu. Ka buɗe kowane adireshi da kanka ka tabbata yana aiki kafin ka tura.

8. Yadda ake amsa tambaya

A sa wa wayar lokaci biyu a yini, da safe da kuma bayan azahar, a kuma yi alƙawarin amsa cikin yinin aiki ɗaya. A ce wata ɗaliba ta rubuto, "Assalamu alaikum Malam, don Allah kuna da littafin sassan jikin ɗan Adam na ɗaliban jinya? Daga Rigasa zan taso, kada in kashe kuɗin mota a banza." Kada ka amsa daga jadawali. Ka tashi ka je kanta ta 611 ka ga littafin da idonka, sannan ka rubuta, "Wa alaikumus salam Malama. Mun duba yanzu, akwai kwafi biyu, ɗaya na aro, ɗaya na karantawa a nan. Bugun ya kwana biyu, ga hoton bangon da na jerin babobinsa ki duba ko shi malaminku yake nufi. Idan shi ne za mu ajiye miki na aron har ƙarfe huɗu na yammacin gobe, ki taho da katinki." Daga nan ka sa 'yar takarda a cikin littafin, ka ajiye shi a bayan tebur, ka canza laƙabin hirar zuwa an ajiye littafi, ka rubuta a rajista.

Idan babu abin da aka nema, kada amsar ta tsaya a "babu". Mai binciken tarihin Arewa a tura shi Arewa House da ke titin Rabah, ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Marubucin da ke neman lambar ISBN, wato lambar shaida ta duniya da ake ba littafin da za a buga, a tura shi Laburaren Ƙasa, wanda ke da reshe a Kaduna. Wanda bincikensa ya yi zurfi a ambata masa laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tare da shawarar ya tafi da takardar gabatarwa. Duk littafin da aka nema ba a samu ba a rubuta shi a shafi na musamman, domin shi ne hujjarka ranar da za a sayi sababbi. Tambayar magani ko ta shari'a kuwa, aikinka nuna littafi ne, ba ba da fatawa ba.

A kula da lafazi. Dattijon da ya aiko saƙon murya a ce masa Baba ko Alhaji, a amsa masa da murya. Wanda ba a san ko wane ne ba a ce Malam ko Malama, ko a yi masa jam'i na girmamawa. Mai ƙorafi a fili, ko da ya yi zafi, a amsa masa sau ɗaya cikin ladabi a gayyace shi ya yi magana ta saƙo, kada a share ƙorafinsa sai idan zagi ne.

9. Idan za a buɗe zauren tattaunawa

Guruf na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma ban ga amfanin tara ko da rabin haka ba. Guruf ya dace da ƙungiya ƙarama mai manufa ɗaya, kamar masu karanta littafi guda a wata, ko iyayen yaran da ke zuwa ranar Asabar. Tun ran gini ran zane: a rubuta dokoki a bayanin zauren kafin a saka mutum na farko. Ba siyasa, ba muhawarar addini ko ƙabila, ba talla, ba tura labarin da ba a tabbatar ba, ba bin mace ta saƙon sirri. Wanda ya san Kaduna ya san yadda jita-jitar tashin hankali ke gudu a waya, kuma bai kamata a ce daga zauren laburare ta fito ba. A kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga, a kuma rufe zauren da dare ta yadda admin kaɗai ke iya rubutu. Kada a jefa kowa a guruf ba da yardarsa ba, domin duk wanda ke ciki yana ganin lambarsa.

10. Haƙƙin mallaka da sirrin masu karatu

Za a matsa maka ka ɗauki hoton littafi shafi-shafi ka tura, ko ka raba fayilolin PDF na littattafan Hausa da ke yawo a zauruka. Kada ka yi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kariyar littafi tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, wato wanda ya rasu a 1980 aikinsa na cikin kariya har 2050. Bango da jerin babobi da ɗan gajeren tsakure sun isa talla. Marubutan Kaduna da Zariya da Kano da kuke son su zo su yi wa yara karatu su ne waɗanda wannan rabo ke cuta.

Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe ku, tunda kuna karɓar sunaye da lambobin waya. Idan za ka yi rajistar taro da Google Forms, ka tambayi abin da kake bukata kawai, ka faɗi abin da za a yi da shi, kada ka ba wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa jerin lambobin. Mai jinkirin dawo da littafi a tuna masa ta saƙon sirri, ba a sitatus ba. Hoton yara sai da izinin iyaye a rubuce, in ba haka ba a ɗauke su ta baya ko a ɗauki hannuwansu a kan littafi. Manya ma a tambaye su, musamman mata.

11. Idan wuta ko data ko sabis ya yanke

Ka riƙa cajin waya da fawa banki duk lokacin da aka kawo wuta, ka kuma jera wallafar mako tun da akwai sabis. Idan data ta yi ƙaranci, a bar bidiyo, a hana wayar sauke hotuna da kanta, a koma Facebook Lite. Ga masu karatun da ba su da data, manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia sau ɗaya a kwamfutar laburare a riƙa karantawa ba tare da intanet ba.

Kafar ma kanta tana iya ɓacewa. An dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Don haka a ƙarshen kowane wata ka sauke kwafin jadawalin littattafai a kwamfuta ko filashi, lambobin mambobi kuma su kasance a rubuce a rajista. Allon sanarwa na bakin ƙofa ya ci gaba da ɗaukar duk abin da aka wallafa, kuma sanarwar babban taro a kai ta gidan rediyo da makarantu da masallatai da coci-coci kamar yadda aka saba.

12. Lissafin wata da miƙa aiki

Yawan mabiya ba ya nuna ko aikin na amfani. A rajistar shiga ka ƙara ginshiƙi ɗaya mai tambayar ta ina mutum ya ji labarin laburaren. A ƙarshen wata ka ƙirga tambayoyin da suka shigo, da waɗanda aka amsa cikin yini ɗaya, da littattafan da aka ajiye aka kuma zo aka karɓa, da sababbin mambobin da suka ce ta waya suka ji. Waɗannan lambobi huɗu, tare da jerin littattafan da aka nema ba a samu ba, su ne rahoton shafi ɗaya da za ka kai wa shugaba, kuma da su za ka nemi a ci gaba da biyan kuɗin data. Idan ka ga tambayoyin da ba a amsa a kan lokaci suna ƙaruwa, ka rage wallafa ko ka rufe kafa ɗaya, kada ka ƙara sabuwa.

Ranar da ɗaya daga cikin masu kula da shafukan zai bar wurin, a zauna da shi da magajinsa da shugaba kafin ya karɓi takardar sallama. A cire ikonsa daga shafin Facebook, a fitar da duk na'urorin da aka haɗa da WhatsApp, a canza kalmomin sirri da lambobi shida na tabbatarwa, a sabunta ambulan. Idan da NIN ɗinsa aka yi rajistar layin, a je ofishin kamfanin waya tare da shi a mayar da shi sunan wanda zai gaje shi, sannan su ukun su sa hannu a rajista da kwanan wata.